Jinyar da na yi wa ordinater a gindin randa

Shekarun baya, ɗiyata ta fari ko yaye ba a yi mata ba, muna zaune a Dungas, maigidana yana koyarwa a lakwal, makarantar boko. Yana da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da yake ajiye makin ɗalibansa a ciki. In zai fita yakan bar min ita in kunna wa yarinya majigi, in samu in yi wanki.

Wata Alhamis rubutun Faransanci ya fito a fuskarta. Ni karatuna a aji uku ya tsaya, amma na gane "wi", wato "eh". Na danna. Ta yi ta zubo rubutu, ta mutu, ta tashi da kanta.

Tana tashi na ji numfashinta ya canza. Ni da nake kasa kunne a ƙirjin ɗiyata sau goma a yini, wannan ba zai wuce ni ba. Da, sai an ba ta aiki mai nauyi fankar cikinta take gurnani. Yanzu ko ba a taɓa ta ba huci take kamar babur a cikin yashi. Na taɓa ƙasanta, zafi zau. Kafin azahar ta ɗauke sau biyu. Ga shi ran Litinin maigida zai kai makin yara wurin sufeton makarantu.

Abin da na sani na zazzaɓi shi na yi mata. Na jiƙa tsumma na matse na ɗora a bayanta, na ajiye ta gindin randa, ina yi mata fifita. Haka maigida ya shigo ya same ni.

"Wa kuma ba shi da lafiya?"

Na ce, "Ita ce, Malam. Haka kawai ta fara." Ban faɗi zancen dannawa ba.

Ran Asabar abokinsa, wanda ya haɗa masa ita tun farko, ya zo daga Magarya. Ya buɗe wani baƙin allo ya rubuta layi ɗaya, sai ta yi tsit. Suka kashe ta, suka sha fura. Maigida ya sake kunna ta, ya fita raka baƙo.

Ina madafa na jiyo hucin ya dawo. Na figi hijabi na tarar har baƙon ya hau babur.

"Ta koma fa!"

Ya ce, "Matarmu, daga madafa kika jiyo?"

Nan dai na fashe, na faɗi abin da na danna, idona a ƙasa. Ya yi dariya har ya kashe babur. Ya ce sabuntawa ce, ko shi ne da ya danna. Wai akwai wani ɗan abu a cikinta da ke gaya wa ƙwaƙwalwarta yaushe za ta yi gudu, yaushe za ta tafi a hankali, kamar mai riƙe da igiyar jaki. Bayan sabuntawar, in an kunna ta ba ya tashi sai an kira shi da hannu. Shi ya kira shi ɗazu, amma ya manta bai sa sunansa cikin waɗanda ke tashi da kansu ba.

Ya koma ya gyara. Sau uku yana kashewa yana kunnawa, kowane karo sai ya waiwayo: "Likita, ya kika ji?" Sai da na ce ta lafa sannan ya tafi, bayan ya roƙe ni kada in ƙara kai ta kusa da ruwa.

Makin yara ya isa ran Litinin. Maigida bai yi min faɗan dannawa ba, sai na kwana biyun da na yi ina ɓoyewa ina ramewa.

Har yau ina da fargaba, ban daina ba. Amma na daina jin kunyar kunnena. Ordinater ɗin tana nan, ta ƙara tsufa, kuma duk lokacin da aka sabunta ta, maigida sai ya leƙo madafa ya ce, "Ajiye muciyar nan, zo ki saurara min ita."