Mamuda a Gaban Surukinsa

Mamuda mutumin Tamawa ne ta ƙasar Kurfi, mai sanyin hali, wanda ko tari zai yi sai ya juya baya. Da gona ta gagara nomuwa saboda tsoron 'yan bindiga, ya kwaso matarsa Fatu da yara suka raɓe a zauren wani bawan Allah a Dutsin-Ma. Mahaifin Fatu, Malam Garba, mai gadi ne a wata makarantar kuɗi. Shi ya aiko ta bakin 'yarsa cewa ana neman direban motar yara, har da ɗakin kwana a bayan makaranta. Mamuda ya iya tuƙi, sai dai shugabar, Madam Beatrice, da Turanci za ta gwada shi.

Sai ya lizimci shagon Simeon mai gyaran waya don koyon Turanci.

"Wannan pick up ɗin fa ba abu ɗaya take nufi ba," in ji Simeon. "Ka ɗauko yara, ita ce. Ka ɗaga waya, ita ce. Marar lafiya ya fara murmurewa, ita ce dai."

"Kai, Simeon! Mutanen nan ƙarancin kalmomi ke damunsu ne? Sun mai da ita jakin aro."

"Kai dai haddace, Baturen Tamawa."

Ya haddace kuwa, yana rangaji kamar mai tilawa, har Fatu ta iya wasu kalmomin tana wanke-wanke.

Ranar gwaji ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis. Madam, da zuciya ɗaya, ta sa aka kira Malam Garba ta ba shi kujera, wai ya ƙarfafa wa yaron gwiwa. Shi kuwa Mamuda tun da ya yi aure bai taɓa haɗa ɗaki da surukinsa ba. Ko a hanya ya hango shi, ratsewa yake. Ya durƙusa can gefen ƙofa.

Ta yi tambaya ta farko. Amsar na kan harshensa. To, ya ɗaga murya, da Turanci kuma, a gaban uban Fatu? Gumi ya jiƙa masa hula. Malam Garba ya kafa wa bango ido.

"Ba ka ji ne?" ta tambaya da 'yar Hausarta.

"Ina ji, ranki ya daɗe," ya ce can ƙasan maƙoshi.

Ta jira. Ta sake jira. Sannan ta ce a shigo da na baya.

Da ruwan farko ya sauka, mai zaure ya ce yana son wurinsa. Suka ɗaure tabarmi da tukwane suka hau motar Kurfi. Fatu ba ta tambayi mijinta abin da ya faru ba, ba ta kuma tambayi babanta ba. Suna Tamawa yanzu, yana zuwa gona yana waige. Allah Ya tsare su.