Ba Gajiya

Dabino nake sayarwa, sari, a wani lungu bayan otel-otel ɗin da ke kewaye da Harami. Da kwali ɗaya a ka na fara, yau ina da shago da sito. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina gane mai saye tun bai buɗe baki ba. Da wannan taƙamar na karɓi aikin da 'yata ta kawo mini.

Ita a Madina aka haife ta. Tana jin Hausa, amma in na yi mata magana da Larabci take amsawa. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ɗauki hutu daga asibiti ta koma digiri na biyu a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Bincikenta a kan mutanenmu ne masu aikin ƙarfi, 'yan Nijeriya da Nijar: direbobi, masu shara, masu wanke-wanke a gidajen abinci. Da yawansu a shagona suke hutawa bayan La'asar, domin ni nake haɗa su da iyayen gida idan aiki ya samu. Ta ce in riƙa karanta musu tambayoyin da Hausa, ita tana rubuta amsa.

Tambayar farko a kan kasala ce da mutuwar jiki. Na duba Larabcin, na ɗaga kai na ce wa wanda ke gabana, "Ina gajiya?" Ya ce ba gajiya. Ta rubuta babu. Barci fa? Alhamdulillahi. Damuwa? Sai godiya. Wata biyu muna haka, ina barin ciniki ina zama a kan buhu, kullum amsar ɗaya. Ni ban lura gaisuwa nake yi ba, ita kuma Hausarta ba ta kai ta gane ba.

Malamar da ke duba aikinta ta dawo mata da takardun. Ta ce ba yadda za a yi mutanen da suka yi shekaru ba su ga iyalansu ba a ce dukansu ƙalau suke. Ta ba ta zuwa ƙarshen zango ta sake, in ba haka ba shekarar ta tafi, kuma asibiti ba za su ƙara mata hutu ba.

Ta zo ta dire takardun a kan sikeli, idanunta sun yi ja. Na ce a sake, wannan karon zan bi da su yadda nake bi da mai saye: shayi, hira, sannan a zagayo kan magana. Ta ce mini da Larabci nan ba kasuwa ba ce. Amma ba ta da wani tafinta, dole ta yarda.

Muka fara da wani dattijo Badamagare mai wankin tukwane. Na ƙare gaisuwa kaf tukuna, sannan na tambaye shi ko yakan wayi gari ya ji ba ya son komai. Ya daɗe yana juya kofin shayi.

"Alhaji," ya ce, "in na ce maka ba na barci, gobe wajen wa za ka kai ni? Kai ne fa ka ce wa maigidana ni ba na ciwo."

Gaskiya ya faɗa. Haka nake yabonsu, kamar yadda nake yabon dabinon ajwa.

Daga ranar na daina zama. In mutum ya shigo, sai in tsallaka titi zuwa shagon maƙwabcina mai carbi, inda nake hango su amma ba na jin abin da suke faɗa. Ita ta riƙa jan tambayoyin da guntuwar Hausarta, suna gyara mata suna dariya. Har suna suka sa mata, wai mai Hausar aro. Bayan dariyar sai in ga mutum ya sunkuyar da kai yana ta magana, wani ya kwashe awa guda. Masu saye su leƙa su wuce. Ni kuwa ina kan kujerar roba, zafi na dukana, bayana na ciwo, maƙwabcina yana tambaya ko an kore ni daga shagona ne.

Saura kwana uku wa'adi ya cika ta miƙa aikin, malamar ta karɓa. Muna komawa gida a unguwar Sih, a mota, na tambaye ta a cikinsu wane ne damuwar ta fi tsananta a kansa, domin ana neman ma'aikata a garin Yanbu kuma aikin can da nauyi. Ta ce amana ce. Na ce ai ni ne wakilinsu.

"Shi ya sa, Baba," ta ce, da Hausa.

Ta jingina kai da gilashi, kafin mu kai danja ta biyu barci ya ɗauke ta.