Malam Kusurwa da Ginshiƙin Ajinsa

Malam Kusurwa ya tsufa yana koyar da ɗaliban digiri na biyu yadda kwamfuta ke lissafin siffofi. Darasi ɗaya yake taƙama da shi: a ɗaki mai lunguna, ina mai gadi zai tsaya ya ga ko'ina?

Don ya burge, sai ya saka taswirar ajinsa a kwamfuta. Amma akwai wani ƙaton ginshiƙi a tsakiyar ajin da ya yi ta dagula masa lissafi, shi kuwa ya goge shi daga taswirar, lissafi ya fito sumul. Ya shafa jan fenti a daɓen ajin, daidai inda kwamfuta ta nuna, ya kafe a wurin kamar an dasa shi.

"Daga nan babu wanda ba na gani," in ji shi kullum.

Ɗalibansa huɗu suka koma bayan ginshiƙin suna latsa waya. Malam ya lura sarai, amma taku ɗaya gefe don ya leƙa su zai ƙaryata lissafinsa, don haka ya ci gaba da zuba bayani. Da suka gaji, suka daina zuwa.

Wata rana shugaban sashe ya shigo, ya leƙa bayan ginshiƙin, ya tarar da ƙura da yanar gizo-gizo.

"Malam, ina ɗaliban?"

"Ranka ya daɗe, yi magana a hankali," Malam ya raɗa masa. "Ban taɓa samun aji mai nutsuwa irin na bana ba."