Lasin Tilottama

A unguwar 'yan gundumar Ganjam da ke bayan masaƙun birnin Surat, in ka ce kana neman Tilottama Pradhan sai a tsaya tunani. In kuwa ka ce matar nan mai tuƙa babbar mota, ko tsohuwar da ba ta fita za ta nuna maka ƙofarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta irin ta wanda ya saba magana inji yana kunne.

Mahaifinta direba ne, shinkafa da yazawa yake ɗauka daga ƙauyuka zuwa Berhampur. 'Ya'yansa huɗu duk mata, ita ce babba, don haka ita ke wanke masa mota, ita ke miƙo masa sifana in ya shiga ƙarƙashi. Tana da shekara ashirin da biyu ta sami lasin babbar mota. Da ƙafarsa ta fara kumburi ya daina fita, sai ta karɓi makulli, ta koma ɗaukar kifi daga bakin teku zuwa kasuwa. Shekara goma sha ɗaya tana wannan hanya, ko akuya ba ta taɓa gogewa ba.

Mijinta Banamali yana Surat yana aikin masaƙa, kamar rabin mazan ƙauyensu, sau ɗaya yake zuwa gida a shekara. Ƙarar injin saƙa ta cinye masa kunne guda. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi wata guda babu mai dafa masa ko ruwan zafi, ita ce shekarar da 'yarsu Mitali ta shiga makarantar koyon jinya. Tilottama ta duba ta ga babu abin da ya riƙe ta. Ta ɗaure tukwanenta a buhu ta hau jirgin ƙasa zuwa Surat.

Mako biyu kacal ta yi zaman ɗaki ya ishe ta. Sai ta ji wani mai masana'antar rini yana neman direban da zai riƙa kai masa dilolin yadi kasuwa. Mutumin ya juya lasin nata gaba da baya, ya sa ta zagaya harabar da motar, ya ga yadda ta shigar da ita tsakanin tankuna biyu ba ta ko leƙa ba.

"Hannu kam akwai," in ji shi. "Amma lasin jiharku ne. Ki mayar da shi na nan. Ranar da kika kawo, ga makulli."

A ofishin lasin, akawun da ke tagar sauya jiha sunansa Hasmukh, siriri mai tabarau a ƙarshen hanci. Ya duba takardar, ya duba ta, ya leƙa bayanta.

"Ina mai lasin? Ai da kansa zai zo."

"Ga ta a gabanka, yallaɓai."

"Babbar mota fa aka rubuta a nan, baiwar Allah."

"Da ƙarama ce ai da ban sha wannan layin ba."

Mutanen da ke bayanta suka kwashe da dariya. Hasmukh ya gyara tabarau, ya lissafo mata abin da ake bukata: shaidar inda take zaune, hotuna, takardar likita, sannan babbar cikinsu, takardar sallama daga ofishin da ya ba ta lasin tun farko, mai cewa ba su da wata magana a kanta.

Tana fitowa 'yan cuwa-cuwar bakin ƙofa suka yi mata caa. Ɗaya ya ce ta bar wahalar da kanta, ta yar da tsohon, zai fitar mata da sabo na ƙaramar mota cikin kwana goma, daga baya ta hau sama a hankali.

"In koma 'yar koyo ke nan?" ta ce. "Lokacin da na fara jan tan goma kai ko keke ba ka iya ba. Matsa min."

Ta aika wasiƙa ofishin lasin garinsu, shiru. Ta sake aikawa, shiru. Da wata biyu suka wuce ta fara haɗa jaka. Banamali yana zaune bakin tabarma yana kallonta.

"Kwana biyu a jirgi saboda takarda ɗaya?" ya ce. "Ga aikin yanke zare nan matan unguwa suna yi, a zaune, a inuwa."

Ta zagaya ɓangaren kunnensa mai ji. "Baban Mitali, ka taɓa ganina na zauna na awa ɗaya ban tashi ba? Na dafa maka wake, ka ɗumama. Kada in dawo in tarar ka rame, a ce ni ce."

A ofishin garinsu ta gano dalilin shirun. Shekaru uku kafin nan guguwar teku ta kwashe rufin ɗakin ajiya, ruwa ya kwana biyu a kan kundayen rajista. Waɗanda suka tsira an shigar da su kwamfuta, sauran an jibge su a wani ɗaki a baya. Matar da ke kan tebur ta buga lambarta sau uku ta girgiza kai.

"Ba kya ciki, yaya. Ba zan iya sallamar wanda ban gani ba."

Tilottama ta fita ta zauna ƙarƙashin bishiya tana juya lasin a hannu. Idonta ya sauka kan sa hannun da ke ƙasa, wani dogon rubutu mai wutsiya. Ta san mai shi sarai. Dibakar Panda, jami'in da ya gwada ta, wanda direbobin gundumar kaf ke tsoro. Mai shayin bakin ofis ya ce Dibakar ya yi ritaya, yana ƙauye yana noman kwakwa.

Ta same shi da hantsi yana ba shuka ruwa, ya tsufa, ya rankwafa. Ta durƙusa ta taɓa ƙafarsa, ta fara gabatar da kanta, ya katse ta.

"'Yar Gangadhar mai shinkafa. Sau biyu na kayar da ke."

"Sau biyu, Baba. Na biyun ma har yau ban san laifina ba."

"Babu laifi. So na yi in ga ko za ki dawo." Ya ajiye bokiti. "Kin taɓa buge mutum?"

"Ko kaza."

"To jira in sa riga."

Da suka isa ofis, tsofaffin ma'aikata suka miƙe tsaye. Aka buɗe musu ɗakin baya, wari ya buge su. Kundaye sun kumbura sun manne kamar bulo. Dibakar ya san launin bangon kundin kowace shekara, bai daɗe ba ya jawo wani kore. Suka aro butar mai shayi, Tilottama tana kara shafukan a tururi, shi yana ɓamɓare su da bakin wuƙa, ɗaya bayan ɗaya. Sun kai la'asar a haka. A wani shafi da tawada ta malale suka ga rabin sunanta, sauran ruwa ya tafi da shi. Amma lambar tana nan cif, ga sa hannun mai wutsiya a gefe.

Tsohon ya ɗauki kundin da kansa ya kai wa shugaban ofis, ya rubuta shaida a ƙasa cewa shi ya gwada ta kuma ya gane ta. Kwana uku bayan haka aka buga wa takardar sallama hatimi. Tilottama ta kawo masa kifi babba daga wurin tsofaffin abokan aikinta, ya karɓa yana mita wai ƙaya ta yi masa yawa.

A Surat, Hasmukh ya karanta takardar har ƙasa, sannan ya yi tsaki a hankali, irin na mai jin kunya. Ya ce tunda rajistarta ta asali ta lalace, babban jami'i ba zai sa hannu ba sai ya ga tuƙinta da idonsa. Ya fara ba ta haƙuri.

"Haƙurin me?" ta ce. "Tun farko da haka kuka ce ai da mun gama. Yaushe?"

Ranar gwajin akwai maza bakwai a filin, ita ce ta takwas. Motar gwajin tsohuwa ce, sitiyarinta da tauri, giyarta sai an lallaɓa. An jera ganguna an yi lungu mai lanƙwasa, ana so a shiga da baya a fito ba a taɓa ko ɗaya ba. Uku daga cikin mazan suka ture ganguna. Da aka kira ta, wani ya ce a kawo mata matashi ta zauna a kai kada ƙafarta ta kasa kai birki.

Ta soke bakin zanenta na sari a ƙugu, ta cire takalmi ta ajiye a gefe, ta hau. Ta gyara madubi biyun, ta saurari injin na ɗan lokaci, ta taka kuloci sau biyu ta gane inda yake kamawa. Sannan ta sa ribas. Motar ta bi lungun nan a hankali ba tsayawa, ta lanƙwasa, ta daidaita, ta tsaya tazarar tafin hannu daga gangar ƙarshe. Babban jami'in ya zagaya ya duba tazarar, ya ɗago kai.

"A ina kika koya?"

"Kasuwar kifi, yallaɓai. Can in ka taɓa kwandon mace ɗaya, sai ka gwammace 'yan sanda."

Ya yi dariya, ya ɗora takardar a kan bonet ya sa mata hannu. Bayan mako biyu ɗan aike ya kawo sabon lasin har ɗaki, Banamali ya zagaya da shi gida-gida yana nunawa kamar shi ya ci jarrabawar.

Mai masana'antar rinin ya miƙa mata makulli. Watan farko ta sha ɓata, don ba ta iya karanta rubutun allunan garin ba. Sai ta riƙa haddace hanya da wuraren ibada da rumfunan shayi, a kowace mahaɗa ta leƙo ta tambaya da ƙarfi har a gane abin da take nufi. Yau shekararta tara a kan hanyar, ta iya yaren garin har da zaginsa, kuma sababbin direbobin masana'antar a bayanta ake sa su su koyi gari. Kwanan nan ta sayo wani ɗan littafi na dokokin ɗaukar man fetur da sinadarai, tana sa Mitali ta yi mata tambayoyi ta waya ranar Lahadi. Tankar mai take so ta ja kafin idonta ya fara neman tabarau, kuma ta riga ta karɓo fom.