Makauniyar da aka aika ɗebo ruwa

A shekarar da ruwa ya ɗauke bayan dawarmu ta kai gwiwa, gidanmu a gefen Gadarif ta ƙasar Sudan ya yi shiru. Baƙar ƙasar nan ta tsattsage har ƙafar yaro tana shigewa. Na ga yashin Agadas, na ga jar ƙasar Kano, ban ga wadda take buɗe baki kamar tamu ba. Ganyen dawa ya nannaɗe. Babana ya yanke shawara: gobe zai kife gonar, ya zuba ragowar irin da ke rumbu, ko ruwa zai dawo. Irin nan kuwa shi ne abincinmu.

Bayan magariba kakata, wadda muke kira Habboba, ta zauna gasa kisra, siririyar wainar dawa, a kan garwashi. Ta kira mu tatsuniya, amma idonta yana kan Baba.

"Ga ta nan, mai kunne ya matso," in ji ta.

Wai Dawa ce ƙishi ya kama, ta aiki 'yarta Saiwa ɗebo ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Saiwa makauniya ce. Habboba ta ɗauki tsinke tana zane a toka: duk taƙi ɗaya Saiwa ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya ta yi dama, ɗaya hagu. Wadda ta ci karo da tauri ta kauce, wadda ta tarar da fari ta zauna, wadda ta ji danshi ta ci gaba, ita ma ta haihu. A sama uwar ta naɗe zanenta don kada rana ta shanye ta. Mai gona ya zo ya ce ta mutu, ya sa garma. Da Saiwa ta dawo da ruwa a kai, ba ta tarar da kowa ba.

Babu wanda ya yi dariya. Kisrar ta ƙone.

"Inna," Baba ya ce, "a tatsuniya kullum akwai ruwa a ƙasa. In babu fa?"

"In babu, ka fi ni gaskiya. Amma ya waladi, ɗana, ka tona ka gani tukuna. Hannunka ba makaho ba ne."

Da safe na bi shi. Ya haƙa gindin dawa ɗaya, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Da ya zaro, laka ce a yatsunsa, da siririn farin zare. Ya mayar da ƙasar. Iri bai fita daga rumbu ba. Ruwa ya makara, gefen hanya duk ya bushe, amma sauran gonar ta ciyar da mu.

Bara jikata Safiya, wadda take nazarin saiwoyi a jami'a, ta nuna mini aikinta a kwamfuta. Takan shigar wa na'urar da bayanin taurin ƙasa, da danshi, da tazarar da saiwa ke yi kafin ta rabu, sai lissafi ya fitar da zare yana rarrabuwa, yana kaucewa, yana tsayawa. Na ga tokar Habboba.

Na tambaye ta ko lissafin zai iya gaya wa babana ya jira.

"Zai iya, Jiddo, in an auna danshin gonar an ba shi. In ba haka ba shi ma lalube yake."

Shekara da shekaru na ɗauka haƙuri Habboba ta koya mana. Ashe ita ma a ranar ba ta san abin da ke ƙasa ba, shi ya sa ta bar kisrarta ta ƙone.