Ranar da Na Riƙe Igiyar Kwalekwalen Baba

Washegarin Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare, injin kwalekwalen Baba ya mutu a tsakiyar ruwa da mutum takwas a ciki. Ina bakin gaɓa da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, na ji ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ruwan nan tsohon ramin kuza ne, kore shar, babu wanda ya san iyakar zurfinsa, ga hadari ya haɗo daga bayan duwatsu. Da guntun katako Baba ya tuƙo su har gaɓa, mata na salati, yara na kuka. Da aka leƙa tanki, a bushe yake ƙamas. Allurar gejin mai kuwa tana tsaye a kan kwata.

Baba tsohon direban tifa ne. Bayan aikin kuza ya mutu, wani mai hali ya kewaye ramin ya mai da shi wurin shaƙatawa, ya ɗauki Baba yana zagayawa da mutane. Duk Asabar da Lahadi tare muke tahowa daga Dilimi cikin sanyin safiya. Kafin in fara talla sai na kwashe ruwan da ya kwana a kwalekwalen da gwangwanin madara, na goge kujeru. Ni dai tun tasowata mai fargaba ce. Ana tsakar carafke a tsakar gida zan tashi in duba ko an rufe rijiya, in na kulle akurkin kaji sai na koma sau uku, a makaranta kuma ni ce mai sharar da ke ɗaga kowane benci don kada kunama ta ɓoye. Inna takan ce, "Asabe, tsoronki ya fi ki tsawo."

Bayan mutuwar injin nan, Baba ya kira abokinsa Oga Bitrus, bakaniken Anguwan Rukuba. Shi ya haɗa gejin tun farko da kayan wata tsohuwar Fijo, don mu mutanen Jos mota muka sani, ba jirgin ruwa ba. Ya kankare tsatsar bakin wayoyi, ya sauya ɗaya da ta ci, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Aka zuba galan guda, allura ta hau, ya ce, "Shi ke nan, Malam, waya ce." Kowa ya gamsu, ban da ni. Hawanta suka gwada, babu wanda ya gwada saukarta. Makonni ina sa mata ido: daga cike ta zo rabi, daga rabi ta zo kwata, sai ta kafe a nan ko zagaye nawa aka ƙara. Na gaya wa Baba, ya yi dariya ya ce, "Kwata tana kai mutum Bukur ya dawo." Maganar direbobi ke nan. To amma a titi, in mai ya ƙare, fakawa kake ka ɗauki galan ka taka. A ruwa fa? Abin da ya rufa asiri kawai, a ranakun da babu cinkoso man safe yakan isa.

Ranar Kirsimeti wurin ya cika maƙil. Tun hantsi Baba ke kai da komo, allura ta sauka kwata tun azahar. Wajen la'asar wasu iyali suka shiga, har da mai goyo. Baba ya kwance igiya, ni kuwa na ajiye faranti na cafe ta, na naɗa a ƙuguna, na zauna daram a ƙasa. Ya daka mini tsawa, mutane suka taru, wani yana cewa, "Yarinyar nan aljanu gare ta?" Ban taɓa musa wa Baba ba, amma ranar na ce, "Baba, ka doke ni, amma ka fara tsoma kara a tankin." Ya ɗaga hannu, na runtse ido, igiyar dai ban saki ba. Mai goyon ce ta ce, "Haba Malam, tsoma mana, mene ne a ciki?" Ya karyo karan masara a fusace ya zura. Da ya zaro, abin da ya jiƙe bai kai gaɓar yatsa ba.

Oga Bitrus na wurin da iyalinsa, ya naɗe hannun rigar bikinsa ya kwance murfin saman tankin. Ashe akwai wani siririn ƙarfe mai ɗan ƙwallo da ke iyo a kan mai, shi ke gaya wa allura inda mai ya tsaya. Na tankin mota ne, ya yi wa wannan tsawo, in ya sauko sai ya tokare bango ya rataye. Ya lanƙwasa shi da filaya, aka zuƙe ragowar man, allura ta kwanta a ƙasa karon farko. Sannan aka riƙa zubawa kwalba-kwalba ana kallonta. Oga Bitrus ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan yarinya ta fi oga."

A gida labari ya riga mu. Inna ta ce na kunyata mahaifina a gaban baƙi, in durƙusa in ba shi haƙuri ko in haƙura da tuwo. Na durƙusa, amma bakina ya ƙi buɗewa. Baba ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ƙyale ta," ya turo mini kwanonsa.

Yanzu wurin ya samu katanga da sababbin kwalekwale, ana ɗaura wa kowa rigar iyo kafin ya shiga, Baba kuma ya rasu da daɗewa. Nakan so in sake jin tsawarsa ko sau ɗaya. Ni ce dai har yau mai ba da haƙuri ko ni aka taka a kasuwa. Amma na wannan rana ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba.