Hannayen Inna Dije

Har yau idan na ji warin soda ya gauraya da ƙamshin madara mai ɗumi, safiyar wata Litinin ce ke dawo mini, a shekarata ta farko a masana'antar yogot da ke bayan masallacin Gwallaga. Aikina duba inganci ne. Ina ɗanɗana abin da aka haɗa, in auna tsaminsa, in duba tsabtar tukwane da ta masu taɓa su. Idan ban amince ba, kaya ba sa fita ƙofa.

Tun ina jami'a na saba da salati. Ba na gaggawa da shi. Daga unguwar Ɗan Iya nake farawa a cikin keken haya, a hankali, ina sauraron kowace kalma, har in ji ƙirjina ya lafa kamar ruwan randa da aka bari ya kwanta. A wurin aiki ma leɓɓana ba sa hutawa, don haka aka sa mini suna Malama Salati. Ban damu ba.

Inna Dije ce ke wanke manyan tukwane. Bafulatana ce da ta zauna cikin gari bayan rasuwar mijinta, kuma da wannan aiki take riƙe 'ya'yanta. Ana wanke tukwanen da ruwan soda mai cin fata, doka kuwa ta ce sai da doguwar safar hannu ta roba. Tata ta yage tun kafin azumi. Ta faɗa, ni ma na faɗa, kullum amsar Manaja ita ce za a duba. Da hannayenta suka fara tsagewa, sai muryarta ta fara tashi. Ranar Juma'a ya yi mata gargaɗi a gaban kowa: in ta sake ɗaga masa murya, ta nemi wani aikin.

Ranar Litinin ya tara mu a farfajiya, yana murmushi.

"Matsalar gidan nan rashin natsuwa ce," in ji shi. "Ku dubi Malama Salati. Kun taɓa jin ta tana hayaniya? Wanda zuciyarsa ke ambaton Annabi ba ya ƙorafi." Ya juya wajen Inna Dije. "Wasu kuwa ga furfura, amma bakin babu zikiri sai tsiwa. Daga yau Malama za ta riƙa ja mana salati kafin a fara aiki."

Wani direba ya ce, "Allah Ya sa ya kama Inna!" Aka yi dariya.

Inna Dije ta cusa hannayenta cikin mayafi.

Ni ba mai faɗa ba ce, ko a gida ba a san ni da shi ba. Amma ranar sai da kunnuwana suka ɗauki zafi. Abin da nake ɓoyewa tsakanina da Ubangijina, abin da ya fi komai taushi a rayuwata, shi mutumin nan ya ɗauka ya mayar da shi bulalar dukan tsohuwa. Da bakina yake so ya rufe nata bakin!

Na fito gaba. Na ja salati kamar yadda na saba, a hankali, kowa ya amsa. Shi ne ya hana muryata rawa. Da muka shafa, na ce, "Inna, don Allah nuna mana hannunki."

"'Yar nan, bar shi."

"Aikina ne, Inna."

Ta fito da su. Fatar ta yi fari ta kware, tsakanin yatsu ya dare yana ruwa. Direban nan ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Yallaɓai, hannu mai rauni ba ya taɓa tukunyar abinci. Kayan da aka haɗa a tukwanen nan ban amince su fita ba."

"Salati na ce ki ja mana, ba shari'a ba."

"Na ja, Yallaɓai. Wanda muka yi wa salatin bai taɓa cewa mai ciwo ya yi shiru ba."

Ya ce to ai magana ta zo da sauƙi, mai rauni ta tafi gida, ya kawo wata. Inna Dije ta dube ni da idon da ba zan manta ba, ta ce, "Kin ga abin da kika jawo mini?" Na juya wajen Manaja. Na ce masa duk wadda ya kawo, in babu safa, hannunta zai zama haka cikin mako, ni kuma zan sake tsayar da kaya. In mai masana'anta ya tambayi dalili, zan faɗa masa tun daga yagewar safar.

Motocin kai kaya suka tsaya har azahar. Kafin la'asar sai ga safar hannu sababbi, ashe a kasuwar da ke kusa da mu ake sayar da su. Aka mayar da Inna wajen liƙa takarda a jikin robobi har ta warke. Manaja ya daina amsa gaisuwata, salatin safe kuma bai sake tayar da zancensa ba. Inna ma ta daɗe tana ɗaure mini fuska.

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, ku riƙe salati, yana kwantar da zuciya, ni shaida ce. Amma idan babba ya fara yabon shirunku a gaban wanda ke kuka, ku duba me yake so ku rufe masa.

Sai bayan shekaru, a wajen sunan jikarta, babbar 'yarta ta gaya mini cewa duk watannin nan Inna ba ta iya alwala. Ruwa na taɓa hannun sai ta yi ta hawaye. Ta je ta tambayi limamin unguwarsu, ya ce ta yi taimama. Da ƙasa take sallah, ba ta taɓa fashin ko ɗaya ba.